Awon Ɗan Wasa: Batun Shaquem Griffin

A kowace shekara, wajen ƙarshen watan Afrilu, ƙungiyoyi 32 na babbar gasar ƙwallon Amurka, watau NFL, sukan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'in ƙasar. Ita wannan ƙwallo da hannu ake ɗaukarta ana gudu, abokan karawa kuwa su yi ƙoƙarin kayar da mai riƙe da ita, kamar dai zari-ruga. Zagaye bakwai ake yi, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Matsayin da saurayi ya samu shi ke yanke yawan kuɗin kwantiraginsa na farko. Ke nan kuskuren masu awo yana iya tauye wa mutum arzikinsa.

A 2018 babu wanda aka yi ta muhawara a kansa kamar Shaquem Griffin na Jami'ar Tsakiyar Fulorida. Aikinsa tsaron bayan sahu ne: yakan tsaya bayan ƙartin da ke gaba, ya karanci dabarar abokan karawa, ya tare mai gudu da ƙwallo, ko ya kutsa ya kayar da mai jefa ta. Aiki ne na ture-ture da cafke-cafke, ga shi kuwa tun yana ɗan shekara 4 aka yanke masa hannun hagu saboda wata lalura da aka haife shi da ita.

Hukunci biyu aka yanke a kansa, kuma bai kamata a haɗa su ba. Na farko kuskure ne tsantsa. Da aka fitar da sunayen waɗanda za a gwada a babban taron awo na Indianapolis, inda akan kira samari fiye da 300, babu nasa. Alhali kuwa shi ne gwarzon masu tsaro na rukunin jami'arsu a 2016, kuma a kakar 2017 ƙungiyarsa ta ci wasanninta 13 duka, har ta doke Jami'ar Auburn da 34 da 27, inda aka ba shi kyautar gwanin tsaro na wasan. Wanda ya ga wannan duka ya tsallake sunan, lalle hannun ya duba, bai dubi aikin ba. Da aka gayyace shi daga baya, sai ya ɗaga ƙarfe mai laba 225 har sau 20 da hannun roba, ya kuma gudu yadi 40 cikin daƙiƙa 4.38, saurin da aka yi shekaru ba a ga mai tsaron bayan sahu ya yi ba.

To, amma fa hukunci na biyu yana da hujja. Da ranar zaɓe ta zo, sai a zagaye na biyar aka kira shi, na 141 cikin 256, inda Seattle Seahawks ta haɗa shi da ɗan tagwayensa Shaquill da ta ɗauka a 2017. Masoyansa suka ce an raina shi. Ba haka ba ne. Agogon awo gudun fili kawai yake nunawa, ba ya nuna yadda mai laba 227 zai ƙwace kansa daga ƙaton da ya haura laba 300. A jami'a yawanci daga gefe yake kutsawa, sauri ya fisshe shi. A gasar ƙwararru kuwa nauyinsa bai kai na masu wannan aiki ba, tsaron tsakiyar fili kuma sabon karatu ne gare shi. Da hannu biyu yake da su ma, da sai an yi wannan tambaya.

Abin da ya biyo baya bai ƙaryata masu zaɓen ba. Cikin shekara uku a Seattle ya buga wasanni 46, amma sau ɗaya tak aka fara wasa da shi a sahun farko; galibin aikinsa bin ƙwallon da aka buga sama ne, inda gudu ke da rana. A watan Janairun 2020 ya kayar da shahararren mai jefa ƙwallo Aaron Rodgers a wasan sili-ɗaya-ƙwale, abin da samari da yawa na zagaye na biyar ba su taɓa kaiwa gare shi ba. Ya yi ritaya a watan Agustan 2022, yana da shekara 27.