Gaweye, unguwar da ta bar wa otal sunanta

Wanda ya hau gadar Kennedy a Yamai zai hangi wani dogon bene a bakin kogi. Shi ne otal Gaweye. Yara da yawa suna tsammanin sunan otal ne kurum. A'a, sunan unguwa ne, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Yamai, kamar su Mawre da Kalle da Zango.

Gaweye unguwar talakawa ce. Gidajenta na laka ne, lungunanta matsattsu. Amma kogin Isa yana bakin ƙofa. Da asuba masunci ya gangara ya kwance jirginsa. Mata su yi wanki, su ɗebo ruwa, ba su biya ko dala ba. Kasuwa tana kusa, da ƙafa ake zuwa. In suna ya tashi ko rasuwa, kafin rana ta take kowa ya ji.

A 1971 aka fara haƙar uraniyom a Arlit, kuɗi suka shigo ƙasa. A zamanin shugaba Seyni Kunce, wanda ya hau mulki a 1974, hukuma ta so ta gyara fuskar babban birni. Sai aka tashi mutanen Gaweye, aka rushe gidajensu, aka gina otal da babban zauren taro. Su kuwa aka kai su wani wuri.

Babban birni yana bukatar masaukin baƙi, wannan ba gardama. Amma fili daban, unguwa daban. Fili ana auna shi da igiya, a ba mutum takarda. Wa zai auna maƙwabcin shekara 40? Masuncin da aka kai tudu, me zai yi da jirgi? Talaka yana zama kusa da abincinsa ne. In za a tashe shi, sai a zauna da shi tukuna, a ji inda sana'arsa za ta koma. A 2016 ma an rushe rumfuna masu yawa a Yamai, ana shirin taron Tarayyar Afirka na 2019.

Gidan tarihi na ƙasa yana nan kusa da tsohuwar Gaweye. Can ya dace a tara hotunanta, a ɗauki muryar tsofaffinta. Wanda yake ɗan shekara 20 sa'ad da aka tashe su, yau ya wuce 60.