Mu Daina Jin Kunyar Keke, Mu Hau Duwatsunmu

Maƙalar wannan mako a kan keke take. Wanda ya ga take ya yi murmushi, ya daure ya karanta har ƙarshe.

Bayan an gama girbin bana, mu biyar muka ɗauki kekuna da sassafe daga Sabuwar Gwaram muka nufi duwatsun Fagam. Biyu daga ciki na aro ne, ɗaya ma irin mai kariyar nan ne da ake kai buhu kasuwa da shi, ko giya babu. Muna barin kwalta muka kama burtali, sai aiki ya tashi. Yashi ya riƙe taya, tsakuwa tana zamewa, inda hawa ya yi tsauri muka sauka muka tura, wani wurin muka saɓa kekunan a kafaɗa. Sarƙar ɗayanmu ta zame sau uku, wani ya zauna ya yi faci a gindin tsamiya. Amma da muka kai sama muka waiwayo, muka ga gonaki da rugage shimfiɗe har iyakar ganin ido, sai kowa ya yi shiru. Duk a nan aka haife mu, amma ba mu taɓa ganin ƙasarmu daga sama ba.

Abin da ya fi hawan ciwo shi ne dawowa. Muna shigowa gari wasu samari a majalisa suka ɗaga murya: "'Yan boko, an sayar da babur ɗin ne?" Aka bushe da dariya. Wannan dariyar ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

A zamanin kakanninmu keke abin alfahari ne. Malamin makaranta da ma'aikacin gona da keke ake gane su, kuma kamfanin Raleigh har masana'anta ya kafa a Kano. Da babur ya yawaita, sai muka mai da keke alamar wanda duniya ta juya wa baya. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a 2024. Duk da haka za ka ga saurayi da difloma a hannu ya gwammace ya ci bashin kuɗin lita ɗaya, ko ya fasa zuwa neman aiki, da a gan shi a kan keke. Mu ma mun yi hakan, ba wani muke nuna wa yatsa ba.

Abin da muke jin kunyarsa kuwa, wasu jirgi suke hawa su je su yi shi. A tekun Atilantika, daura da gaɓar Maroko, akwai tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya. A tsakiyarsa akwai dutse mai aman wuta da ake kira Teide, tsayinsa mita 3,715. Manyan 'yan tseren keke na duniya can suke tarewa makonni suna atisaye, su taso daga bakin teku su yi ta hawa har sama da mita 2,000, inda iska ke ƙaranci numfashi ya yi wuya. Masu otal, masu abinci da masu gyaran keke duk suna ci daga wannan wahalar da baƙi suka biya kuɗi don su sha.

To, ga abin da da yawanmu ba mu sani ba. Masana ilimin duwatsu sun lissafa duwatsun Fagam, da na Kila zuwa Warji, da na Birnin Kudu, da na Ningi cikin saiwoyin tsoffin duwatsu masu aman wuta, waɗanda suka mutu fiye da shekara miliyan 150, ruwa da iska suka cinye samansu. Ga kuma zanen shanu na mutanen da a Dutsen Mesa da Dutsen Habude a Birnin Kudu, da duwatsun da ke amo idan an buga su, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950. Mu nawa ne a zauren nan muka taɓa zuwa? Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Kada kuma a ce wasan Turawa ne. Burkina Faso tana gudanar da gasar kewaya ƙasa a keke tun 1987. A 2024 Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya lashe zango a gasar Tour de France. A wannan shekarar ce kuma 'yar Nijeriya Ese Ukpeseraye ta shiga tsere a gasar Olamfik ta Faris da keken da tawagar Jamus ta ara mata. Ƙafafu muna da su, kulawa ce babu.

Mun san abin da wani zai ce: ana fama da abinci, wa ke ta hawan dutse? Gaskiya ne, ciki wofi ba ya tuƙa feda. Amma keken da ya hau dutse ran Asabar shi ne zai kai ka makaranta ko gona ran Litinin ba tare da ka sayi mai ba. Wanda kuma ya san zai fita atisaye bayan Asuba, da wuya ya kwana a wurin shaye-shaye. Akwai maganar hatsari ma, domin direbobinmu ba sa ganin mai keke da gashi. Wannan dalili ne na fita a ƙungiyance, da rana, da birki mai kyau, ba dalilin ajiye keke ba.

Shawararmu ba ta buƙatar jiran gwamnati. Mu fara da fita sau ɗaya a wata, kowa da irin keken da ya samu. Idan ta ɗore, mu shirya tsere na shekara-shekara lokacin hunturu, mu nemi albarkar hakimai da dagatai, mu sanar da jami'an kiyaye haɗurra, masu faci su zama alƙalan hanya, kyautar farko ta zama sabon keke. A ware rukuni na masu kai kaya kasuwa, domin mun tabbata za su kunyata mu 'yan boko. Mu marubuta kuma mu rubuta abin da muka gani a saman duwatsun nan, kafin baƙo ya zo ya rubuta mana.

Asabar ta farkon wata mai zuwa za mu sake fita. Mai keke ya zo da shi, wanda ba shi da shi ya faɗa a nan ƙasa, za a nema masa aro. Masu dariyar majalisa ma muna gayyatarsu, mu ga wanda zai riga sauka ya tura.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya.