Gida ba mutane, mutane ba gida

Ku ɗan ara mini hankalinku.

Ranar 2 ga Disamba 2024 wata kotu a Abuja ta mallaka wa gwamnatin tarayya rukunin gidaje 753 da ke Lokogoma, waɗanda hukumar EFCC ta ƙwato. A watan Mayu 2025 aka miƙa su ga Ma'aikatar Gidaje, ita kuma ta ce za a ƙarasa ginin a sayar. To, daga Lokogoma zuwa Durumi tafiyar 'yan mintuna ce a mota. A Durumin nan akwai mata 'yan gudun hijira, yawancinsu daga Gwoza, da ke zaune a ɗakunan buhu da leda tun wajen 2014. Yaron da aka goyo aka zo da shi, a ɗakin buhun nan ya yi wayo.

Ba Abuja kaɗai ba ce. Kowacce ta duba garinsu. Tsofaffin kwatas na ma'aikata, gidajen malamai da ba malami a ciki, gidan saukar baƙi na ƙaramar hukuma, rukunin gidajen da aka yanka kyalle aka ɗauki hoto sannan aka sa kwado. Kun fi kowa sanin cewa ɗakin da ba a kwana a ciki shi ke fara zuba. Yau a cire wayar wuta, gobe taga, jibi kwanon rufi, daga nan sai 'yan shaye-shaye su mayar da wurin majalisa, har ki ji tsoron aiken 'yarki ta wannan hanya. Wai ana adana dukiyar gwamnati ke nan! Alhali a tasha da bakin kasuwa ga matar da mijinta ya rasu, dangi suka raba gida, tana shimfiɗa kwali ita da 'ya'ya.

Na san abin da za a ce: ai ba a taɓa yi ba. An yi. Sansanin Bakassi na Maiduguri asalinsa rukunin gidajen gwamnatin jiha ne, aka zuba 'yan gudun hijira a ciki shekara da shekaru. An rufe shi a 2021, amma da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumba 2024, ruwa ya ci gari, can aka sake kai mutane. Ashe in an ga dama, mukulli yana fitowa cikin kwana ɗaya. Me ya sa sai ruwa ya zo wuya?

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba a ce a buɗe ƙofa kawai a tura mutane kamar garken awaki ba. Gidan da ba ruwa, ba banɗaki, ba ƙofar da mace za ta kulle da dare, wani sabon bala'i ne, kuma a kan mata da 'yan mata yake ƙarewa. Gidajen Lokogoma ma manya ne, ba a gama su ba, talaka ba zai iya riƙe su ba. Na yarda. To in dole sai an sayar, a rubuta a fili cewa wani kaso na kuɗin zai tafi gina ƙananan gidaje, ɗaki biyu da banɗaki, ga waɗanda ba su da wurin kwana. Gidajen da ke iya zaunuwa kuwa a gyara, a ba da su da takarda mai wa'adi, kada wani ya sayar ko ya sa haya. Rabon kuma a yi shi gaban mai unguwa da matan unguwa, don mun san halinmu, da an ce rabo sai ki ga sunan ƙanin wane da direban wane. Ko 'yan uwanmu ne, kada mu yarda.

Wannan ba roƙon alfarma ba ne. Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati ta tsara manufofinta yadda kowane ɗan ƙasa zai samu matsuguni mai kyau. Ba a iya kai ta kotu a kan wannan sashe, shi ya sa sai da bakinmu da ƙuri'armu.

Don haka Hajiyoyi, shugabannin mata na mazaɓu, ga ɗan aiki kafin taro na gaba. Kowacce ta rubuto gine-ginen gwamnati da ke kulle a mazaɓarta, inda suke, da shekara nawa suka yi haka. Ta kuma ƙirga iyalan da ta san ba su da wurin kwana, adadi kawai, banda suna, banda hoto, saboda mutuncinsu. Mu haɗa takardun biyu mu kai wa kansila da ɗan majalisarmu, mu nemi amsa a rubuce.

Don Allah a tura wa waɗanda ba su gani ba. Allah ya rufa mana asiri.