Siririyar kwamfuta a ofis: babbar tana hannun wa?

Yau mun ɗan ajiye zancen tsara labari, za mu leƙa bayan kantar banki.

Wanda ya lura a wasu bankuna, asibitoci da manyan kamfanoni zai ga ma'aikaci da allo da madannai, amma babu ƙatuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur. Sai wani ɗan akwati da bai wuce girman littafin aljihu ba, wani lokaci ma a manne a bayan allon. Shi ne Turawa ke kira siririyar kwamfuta. Mu dai da za a bar mu, da 'yar aike muka raɗa mata, don aikinta ke nan: ta kai abin da ka danna zuwa wata babbar kwamfuta da ke wani ɗaki ko wata ƙasa, ta dawo maka da hoton amsa. Manhajoji da takardu da lissafi duk suna can. A cikin babbar ne ake yanka wa kowane ma'aikaci nasa fili, ya shiga da sunansa da lambar sirrinsa, ya tarar da aikinsa inda ya bar shi, ko daga wane tebur ya zauna.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1970 ofisoshi ke aiki da allunan da ba sa iya komai sai nuna abin da babbar na'ura ta aiko. Kamfanin Sun ya fito da Sun Ray a 1999, Dell ya sayi Wyse a 2012, yau kuma HP da IGEL da NComputing duk suna cikin kasuwar, yayin da Citrix da Microsoft ke sayar da manhajar da ke raba filayen.

Amfaninta ba a ɓoye yake ba, musamman ga masu fama da wuta irinmu. 'Yar aike takan ci wat 10 ko kusa da haka, kwamfutar tebur kuwa tana iya kaiwa wat 100. A ofis mai tebur 30, bambancin wat 300 da wat 3,000 ke nan, kafin a sa lissafin alluna da ita babbar. Duk wanda ya san an kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, ko ya san kuɗin man janareta, ba ya buƙatar dogon bayani. Da yawansu ba su da fanka, saboda haka ƙurar hunturu ba ta samun abin toshewa. In ɓarawo ya ɗauke akwatin, ya ɗauki ƙarfe ne kawai, bayanan abokan ciniki ba sa ciki. In ta lalace, a sa wata, ma'aikaci ya ci gaba kafin shayinsa ya huce.

To ina matsalar? Mu a ganinmu, masu tallar nan suna yawan magana a kan ƙaramin akwatin, su yi shiru a kan babbar kwamfutar, alhali a can rai yake. Ofishin da ke da kwamfutoci 30 masu cin gashin kansu, in ɗaya ta mutu mutum ɗaya ne ya zauna. Ofishin 'yan aike, in babbar ta tsaya ko hanya ta katse, kowa ya naɗe hannu. Ba mu manta ranar 14 ga Maris 2024 ba, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, ciki har da MainOne da WACS, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna ta rikice a Najeriya. Kamfanin da teburan ma'aikatansa ke zaune a wata cibiya a Turai, a irin wannan rana ko wasiƙa ba lallai ya iya bugawa ba.

Sannan akwai haya. Lasisin manhajojin nan da dala ake lissafinsa, kuma yawanci duk wata ko duk shekara. Bayan Broadcom ya sayi VMware a ƙarshen 2023, an daina sayar da lasisin dindindin, aka koma biyan lokaci-lokaci. Ɗan kasuwar da ke samun naira yana biyan dala ya san yadda wannan ke ƙarewa.

Don haka ra'ayinmu: matsakaicin kamfani a Kano ko Maraɗi ya sayi 'yan aike in yana so, amma babbar kwamfutar ta kwana cikin gininsa, a haɗa su da waya, a tanadi batir da ta biyu mai jiran ko-ta-kwana, da ma'aikacin da ya iya gyaranta. Wanda aikinsa haɗa bidiyo ne ko zanen bangon littafi, gara a bar masa kwamfutarsa mai ƙarfi.

Kada wani ya ce wannan ba ruwan marubuci. Yawancinmu haka muke aiki ba tare da mun sa wa abin suna ba: waya a hannu, littafi kuwa yana Facebook ko Wattpad, a kan kwamfutar wani. Da OkadaBooks ta rufe a ƙarshen Nuwambar 2023, marubucin da ya ajiye kwafin littafinsa a wurinsa kasuwa kawai ya rasa. Cikinmu mutum nawa ne ke da babi na ɗaya zuwa na ƙarshe a wani wuri da zai iya buɗewa ko babu data?