Ɗiyar wa da jarkar ruwa

Idan watan Oktoba ya kama, ba ƴan lakwal kaɗai ke shiri ba. Duk ma'aikacin da ke da gida a Damagaram ko Maraɗi ya san baƙo na tafe: yaron ƙauye ne da ya samu shiga kolej, garinsu kuwa babu kolej, sai a ɗoro shi a mota da tabarmarsa da ƴan tiyoyin hatsi, a ce ya sauka gidan wane.

Haka ta faru ga wani magidanci a unguwar Garin Malam. Wansa ya aiko masa da ɗiyarsa mai shekara 12 daga wani ƙauye na wajen Matamaye, aji ɗaya da tasa ɗiyar. Ya karɓa hannu bibbiyu, ya saya musu kaye da bik iri ɗaya, ya ɗauka ya sauke nauyin zumunci ke nan.

Wata uku bayan haka sakamako ya fito. Tasa ɗiyar tana cikin goman farko, ɗiyar wansa tana can wajen wutsiya. Har ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya faɗa kan tafin hannun yarinyar, duk kanta. Washegari ya ƙi komawa barci bayan sallar asuba, ya zauna bakin zaure. Kowa ya san sha'anin ruwa a Damagaram. Sau huɗu yarinyar ta wuce shi da jarkar lita 25 a ka, sannan ta share tsakar gida, ta wanke tukwanen jiya. Ƴar gida kuwa tana ɗaka tana bitar darasi. Babu wanda ya zagi baƙuwar, babu wanda ya hana ta tuwo. Aiki ne kawai ya san inda yake sauka.

Abin da ya hana shi barci a daren shi ne ya san wannan jarka. A 1984, shekarar yunwar da ake kira El-Buhari, shi ma gidan wani ya sauka don yin kolej. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke zuwa niƙa, shi ke cin ƙanzo, karatu kuma sai ƙarƙashin fitilar titi. Ya sha ba ƴaƴansa wannan labari yana alfahari, yana cewa wahala ce ta yi shi mutum. Bai taɓa ba su labarin ƴan matan da suka zo tare da shi ba, waɗanda ko ɗaya ba ta kai ga birbe ba. Namiji in ya faɗi ya kan samu maimaita aji. Mace in ta faɗi, goron aurenta ake rabawa. Gwamnati ta fitar da doka a Disamba 2017 domin kare ɗiya mace mai karatu, amma doka ba ta leƙa madafar kowa da asuba.

Da ya tayar da maganar, uwargida ba ta ɓoye ba. "Malam, ni ma haka aka rene ni a gidan gwaggona. Hatsin da aka aiko da shi tun Nuwamba ya ƙare. In ba ta yi ba, wa zai yi?" Tambayar tana da nauyi, domin shi kansa bai taɓa ɗaga tsintsiya a gidan ba, samarinsa biyu ma haka.

Ya yi lissafin albashi, ya ga kuɗin ga-ruwa na kowace safiya sai dai su fito daga na shayinsa na majalisa. Ya bar shayin. Shara da wanke-wanke aka raba kwana-kwana tsakanin yara huɗu, samarin suna ta gunaguni, maƙwabta na dariya. Uwargida ta yi kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa su.

A safiya ta uku ya fito alwala, ya iske yarinyar tsaye bakin ƙofa da jarka a hannu.

"Ina za ki?"

"Baba, kada Inna ta ce na zama malalaciya, a mayar da ni gida."

Ya karɓi jarkar ya ajiye bayan ƙyaure, ya ce ta ɗauko kayenta na lissafi.