Mu koya wa yaranmu tambayar "ina kuɗin suka shiga?"

A makon jiya ina tsakiyar darasin tarbiyyar ɗan ƙasa, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, tunda ƙasarmu tana da man fetur, don me muke karo-karo kafin a sayi alli?" Aji ya yi tsit. Wasu yaran har suka waiga bakin ƙofa, kamar ta faɗi abin da zai sa a zo a kwashe mu. Wallahi wannan waigen ya fi tambayar tayar mini da hankali.

Na ajiye littafi na ba su labarin dokar 1999. Kafin a fara fitar da man Doba, majalisa ta yi doka mai lamba 001, wadda ita ce sharaɗin Bankin Duniya kafin ya sa hannu a aikin bututun da ya tashi daga Doba zuwa Kribi ta Kamaru, kilomita 1,070. Dokar ta ce a ajiye kashi 10 cikin ɗari na kuɗin man saboda masu zuwa nan gaba, a zuba mafi yawan sauran a ilimi, lafiya, hanyoyi da raya karkara, a ba yankin da ake haƙo man kashi 5. Har kwamitin sa ido aka kafa, da wakilan ƙungiyoyin farar hula a ciki. Mai ya fara gudana a 2003. A Disambar 2005 majalisa ta gyara dokar, ta soke asusun masu zuwa, ta shigar da tsaro cikin abubuwan da za a ba fifiko. A Satumbar 2008 Bankin Duniya ya tattara nasa ya nasa ya fita.

Ban ɓoye musu hujjar gwamnatin marigayi Idriss Déby ba. Ta ce ƙasa na cikin yaƙi, kuma duk wanda ya zauna a N'Djamena a Afrilun 2006 da Fabrairun 2008 ya san 'yan tawaye sun shigo har cikin gari. Amma na tambaye su: su wane ne "masu zuwa" ɗin da aka buɗe asusun da sunansu? Sai da suka ɗan jima kafin wani yaro ya ce, "Mu ne, Malam." Ko haifarsu ba a yi ba lokacin da aka rufe shi.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, don sun sha faɗa mini: mu Hausawa 'yan kaɗan ne a nan, kasuwa muka sani, a bar siyasa ga masu ita. Ba na raina wannan tsoro. Wanda ya ga abin da ya faru ranar 20 ga Oktoban 2022 ba zai so ɗansa ya fita titi ba, ni ma ba na so. To amma wa ya ce tambayar lissafi shiga jam'iyya ce? Ɗan kasuwar da yake ƙirga kuɗin yaron shagonsa kowane dare, shi ne zai ce haramun ne a ƙirga na baitulmali? Ga labarin Sayyidina Umar da muke ji tun muna makarantar allo: mutum ya tashi cikin jama'a ya tambaye shi inda ya samu ƙarin yadin rigarsa, bai sa an kama shi ba, sai ya kira ɗansa Abdullahi ya yi bayani cewa nasa kason ne ya ba shi. Muna karanta wannan a masallaci muna kabbara, in mun fito sai mu ce wa yaro ya yi shiru.

Yanzu ma abin ya ƙara zama dole. Gyaran tsarin mulki na Oktoban 2025 ya mayar da wa'adin shugaban ƙasa shekara bakwai, ba tare da iyaka ba. Idan sai ranar zaɓe kawai talaka zai yi magana, to zai daɗe bai buɗe baki ba.

Shi ya sa nake kira ga ma'aikatar ilimi ta sa kasafin kuɗin ƙasa cikin manhaja, yaro ya san nawa aka ware wa ilimi bana, ya san ɗan majalisarsa da magajin garin gundumarsa da aikin kowannensu. Su ma ƙungiyoyin iyayen ɗalibai, da suke karɓar kuɗi kowace shekara, su riƙa liƙa lissafinsu a bango.

Ni dai na fara da ajina. Shugaban aji yana rubuta kuɗin karo-karo a kan allo kowane ƙarshen wata, abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa na da ikon tambaya. A zaman farko sefa 500 suka ɓace a lissafi. Da aka bi diddigi, ashe ni ne na karɓa na sayo tsintsiya ban rubuta ba. Yarinyar nan mai tambayar alli ce ta ce sai na faɗi shagon da na saya.