ARZIKI NA TAFE, INA TALAKA ZAI KWANA?

Jama'ar Talata Mafara da Bakura da Maradun, musamman ku 'yan kasuwa da 'yan tebur da masu neman na tuwo, ku kasa kunne ku ji. A shekarar 2024 aka aza harsashin filin jirgin sama a Gusau. A watan Disamba na wannan shekara ta 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗage hanin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun 2019. Manya suna ta yi mana albishir, wai arziki na tafe, kamfanoni za su zo, jirage za su sauka. Madalla. Mu ba ma ƙin arziki. Amma akwai tambaya guda wadda ba mu ji an amsa ba: sa'ad da baƙi masu kuɗi suka cika gari, talaka ɗan haya ina zai kwana?

Kada wani ya ce muna tsorata mutane a banza. Ga misali daga Amurka. Akwai wani ƙaramin gari can ana ce da shi Wiliston, cikin jihar Dakota ta Arewa. A 2010 mutanensa ba su kai 15,000 ba. Da aka shiga haƙar man fetur gadan-gadan a kewayensa, sai jama'a ta yi ta kwarara, har ƙidayar 2020 ta sami fiye da 29,000. A farkon 2014 aka auna aka ga hayar ɗan gida mai ɗakin kwana ɗaya a garin ta kusa dala 2,400 a wata, watau ta fi ta birnin Niyok tsada. A lokacin nan kuwa, sabon matuƙin jirgin sama na ƙananan kamfanoni, masu jigila tsakanin ƙananan garuruwa, albashinsa na fari bai wuce kamar dala 22,000 a shekara ba. To, ku yi lissafi da kanku. Ko ya kwashe albashin wata dukansa ya miƙa wa mai gida, bai ci ba, bai sha ba, kuɗin ɗaki bai cika ba. Ma'aikata da yawa a garin a cikin mota suka riƙa kwana, ga sanyin ƙanƙara.

Matuƙin jirgi ke nan, mai ilmi, mai kaki, mai albashi. In guguwa ta ɗauki turmi, ina labarin faifai? Ina labarin mai faci, da mai shayi, da malamin firamare, da lebura mai dakon buhu ran Talata?

Ba sai mun tafi Amurka ba ma, zama mu a nan mun taɓa ɗanɗana arzikin fetur. Kuɗin mai da suka tumbatsa bayan 1973 su aka zuba aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka ba kamfanin Impresit na Italiya aikin, aka gama ginin a 1978. Injiniyoyi da manyan ma'aikata an tanadar musu gidaje. Talakawan da ruwa ya ci garuruwansu da gonakinsu fa? Dubban mutane aka tasa, har da mutanen tsohuwar Maradun. Manoma suka yi ta jiran diyya, waɗansu shekara da shekaru ba su yi shuka ba domin ana daidaita ƙasa. Da suka gaji suka tare hanya suna neman hakkinsu, a watan Afrilu 1980 aka aika musu da 'yan sanda da bindigogi. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Waɗanda suka bi diddigin abin suka ce sun haura 380. Wannan shi ne rabon talaka daga wancan arziki, don kuwa an zana madatsa, an zana magudanai, amma ba a zauna da shi an zana inda zai zauna ba.

Haka kuma aka yi da ƙarin albashin Udoji. An biya ma'aikata a farkon 1975 har da ariyas, kafin kuɗin su huce a aljihu masu gidaje sun ƙara haya a birane, har gwamnatin soja ta kafa kwamiti da dokokin ƙayyade haya. Sai dai an makara, an bar jaki ana dukan taiki.

Dalilin abin a fili yake. Mutum dubu suna iya shigowa gari cikin mako guda, amma ɗaki dubu ba ya ginuwa cikin mako guda. Kamfani ba ya ciniki, abin da mai gida ya yanka shi zai biya, har na shekara biyu gaba ɗaya. Da mai gida ɗaya ya samu haka, sai maƙwabcinsa ya ba ɗan hayarsa notis. Dillali kuwa la'adarsa tana hawa ne in haya ta hau, sabo da haka ba shi zai ce a rage ba. Daga ɗaki abin ya tsallaka shago, daga shago ya kai rumfar kasuwa. Mai shago ya ɗora a kan mudu, mai sayen mudu kuwa kai ne. Watau sau biyu za ka biya, ka biya wurin kwana, ka kuma biya a bakin tukunya.

Ga shi kuwa tun yanzu ɗaki ya yi wuya. 'Yan'uwanmu da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyuka sun taru cikin gari, gida guda iyali uku ko huɗu. Ga ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau da na Jami'ar Jiha a Mafara, ga na makarantar aikin gona a Bakura, kowa neman ɗaki yake yi. Mafi ƙanƙantar albashi da dokar 2024 ta yanka naira 70,000 ne a wata, kuma yawancinmu ba mu da albashin ma sam. In aka ƙara masu zinariya a kan wannan cunkoso ba shiri, lalle talaka bayan gari zai koma, bayan garin da ba tsaro.

Sabo da haka muna neman abu huɗu, tun ba a yi nisa ba.

Na ɗaya, duk kamfanin da zai haƙi ma'adini ko ya yi babban aiki a ƙasar nan, a rubuta cikin yarjejeniyarsa cewa zai gina wa ma'aikatansa masauki, manya da ƙanana. Wanda ya kawo baƙi shi ke nema musu tabarma.

Na biyu, Dokar Ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun Gwamna amana domin jama'a, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da filayen karkara. To, a yanka fuloti ƙanana, a sa musu kuɗin da mai tebur zai iya biya kaɗan kaɗan, a liƙa sunayen waɗanda suka samu a ƙofar sakatariya kowa ya gani, mutum ɗaya fuloti ɗaya. In aka yi rabo a ɗaki cikin dare, mun san hannun da zai faɗa.

Na uku, Majalisar Jiha ta yi dokar haya. Ba sabon abu ba ne. Jihar Legas ta yi tata a 2011, ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya. A hana ƙarin haya a tsakiyar wa'adi, a wajabta ba da rasit, a sa notis mai isasshen lokaci.

Na huɗu, duk inda aiki zai ci gida ko gona, a biya diyya kafin katafila ta shiga. Bakolori ta ishe mu darasi.

Masu gidajen haya kuma muna yi muku nasiha, yawancinku 'yan'uwanmu ne, da guminku kuka gina. Arzikin rami ba ya daɗewa. A Wiliston ɗin nan, da kuɗin mai ya faɗi a ƙarshen 2014, baƙi da yawa suka watse, haya ta zube, aka bar masu gidaje da ɗakuna wayam. Kada ka kori maƙwabcin shekara ashirin sabo da baƙon shekara biyu.

Ku kuma 'yan kasuwa, kada ku zauna jiran a yi muku. Ku kai maganar nan taron ƙungiyarku, kowa ya faɗi abin da yake biya na ɗaki da na rumfa bana, a rubuta a littafi, domin in an ƙara baɗi a sami shaida. Ku je wurin kansila da ciyaman da ɗan majalisarku a ƙungiyance, ku tambaye su fuloti nawa aka ware wa talakawa, a ina, kuma yaushe. Wanda ya kasa amsawa yau, ku tuna masa ranar da ya dawo neman ƙuri'a.